A Maido Min Da Tsufana

Ni da Aku ba mu taɓa rabuwa lafiya ba. Jikana ne, ɗan babban ɗana, kuma ni na laƙaba masa sunan tun yana rarrafe, don bakinsa ya riga ƙafarsa tashi. Da ya girma ya zama lauya ban yi mamaki ba. Yaron da aka rasa yadda za a rufe masa baki, gara a sa masa baƙar riga ya je ya dami wasu.

Babbar rigimarmu ita ce ta ranar da ya buɗe ofis, ya ɗauke ni in je in sa albarka. Na duba gabas, na duba yamma, ban ga littafi ko na magani ba, sai wata aba mai kama da talabijin a kan tebur. Na ce ina littattafan lauyancin? Ya ce duk suna cikin kwamfuta. Na ce to ita zan sa wa albarka, kai ka je ka nemi sana'a. Ya yi fushi ya ɗauke ƙafa daga gidana, har sai da yunwa ta yi mana sulhu.

To, ana nan sai ga buƙata ta kai ni wurinsa. Bayan ɗakina akwai wani siririn lungu da ya ɓulla har ƙofar aminiyata Mai Kitso. Tun muna da haƙoran gaba muke bin sa, ita ta zo, ni in je. Da ciwo ya shanye mata ɓarin jiki ta kwanta, zuwan ya koma nawa ni kaɗai. Kullum da hantsi sai in dogara sanda in je in zauna bakin gadonta, in tsefe mata kai, mu ci naman mutanen unguwa mu wanke hannu. Kwatsam wani ɗan kwangila ya sayi gidan da ke kan kwanar lungun, ya ja katangar bulo ya toshe lungun, wai zai yi wa motarsa ɗaki. Ya ce can ba hanya ba ce, bola ce tun fil azal. Yanzu in zan ga Mai Kitso sai na zagaya ta babban titi, na ƙetare masu babura, kuma gwiwoyina sun ce ba da su ba. Tun da aka ɗora bulon nan ban sa ta a ido ba.

Mutanen lungu suka kai ƙara, Aku ya karɓi shari'ar. Da aka nemi wanda ya san wurin tun asali, sai aka tarar duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni da Mai Kitso, wadda harshenta ya yi nauyi. Aka ce ni ce shaida. Kuma wai ba sai na je kotu ba, alƙaliya na can, mu muna nan, kwamfuta za ta haɗa mu.

Ranar zaman Aku ya aiko mota ta kai ni ofis.

"Oyoyo Amarya! Yau rana ta ina ta fito? Kin zo bikona?"

"Bikon wa? Mijin da bai taɓa ɗinka min ko ɗankwali ba? Matsa min in wuce, gwiwata ba ta gaisuwar tsaye."

"Ai na faɗa miki, in kin gaji da ni ki faɗa, zawarawa na layi."

"Layin karɓar kayan da ka ara ba. Wannan wace irin shiga ce? Sama lauya, ƙasa ɗan dako?"

Don kuwa baƙar riga ce a jikinsa, da farin ƙyalle a wuya, da hular gashin nan tasu mai kama da tunkiya ta sha ruwan sama. Amma daga ƙugu zuwa ƙasa gajeren wando ne da silifa.

"Kotu daga ƙirji take gani, Kaka. Abin da kyamara ba ta kama ba, doka ba ta san da shi ba."

"Ashe haka dokar take. Shi ya sa ɓarayi ke sata da ƙafa."

Ya zaunar da ni a kujera gaban kwamfutar. Ofishin yana nan yadda na bar shi, sai ma abin da ya ƙaru. Fenti ya ɗaɗɗaye a bango, fanka na juyi tana kuka kamar an taka mata wutsiya, ga dogon wandonsa rataye a ƙusa, ga bokiti a bayan kujerata yana tarar ɗigon silin, ɗis, ɗis. Ya danna wani abu, allon ya kawo haske. Sai na gan shi a ciki, tsaf, a bayansa kanta ce tun daga ƙasa har sama, shaƙe da littattafai masu bakin zinariya, ga tukunyar fulawa a gefe, ga wani jan littafi ya ɗan karkace kamar yanzu aka gama karanta shi.

Na waiga. Bokiti. Na dubi allo. Littattafai. Na sake waigawa. Bokiti.

"Aku, yaushe ka fara tsafi?"

"Ba tsafi ba ne, ado ne. Hoto ne ake sakawa a baya, don mutuncin ofis."

"Mutuncin ofis na cikin bokiti yana ɗiga. Zanen aro dai ba ya rufe katara."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Amarya. Ba sai alƙaliya ta sani ba."

"To wacece wannan gyatumar da ke zaune cikin littattafanka tana harara ta?"

"Ke ce mana."

"Ƙarya kake! Madubin ɗakina bai taɓa nuna min wannan ba."

"Madubin ɗakinki tsoronki yake ji. Tun ina yaro ya daina faɗin gaskiya."

"Kwamfutarka ce ba ta da tarbiyya. Dubi yadda ta tattaro min wuya kamar bakin buhu. Ni da ake tsayar da keke a kalle ni!"

"Keken ma ai an daina yin irinsa. Tsaya ki ga ikon Allah."

Ya ja wani ɗan abu da yatsa. Jama'a, ina zaune ina kallo, tamoji suka fara bajewa kamar an sa dutsen guga. Kumatu suka ciko. Ramukan idona suka cike. Wuya ya miƙe. Kafin in ce kwabo, ga wata mata nan santala, wankan tarwaɗa, sanye da mayafina, tana yi min murmushi da bakina. Ni da na yi wa mutane wankan jego har na manta adadi, sai ga ni ina gyara ɗaurin kallabi.

"Yauwa," na ce. "Yanzu ta yi hankali. Ka ga abin da kakanka ya gani ya rasa barci."

"Na gani. Allah ya ji ƙansa, ya yi haƙuri da abin da ya biyo baya. To bari in mayar, an kusa shiga."

"Ka mayar da me?"

"Fuskarki ta gaske. Kotu ce fa."

"Littattafanka na gaske ne?"

"Wannan daban."

"Daban a gidan wa? Ka taɓa fuskata, in taɓa kantarka. Ana buɗewa zan ce, ranki ya daɗe, a yi min afuwa, ƙarar da kike ji bokiti ne."

"Kaka, wannan ai barazana ce. Akwai sashen doka a kanta."

"Nemo shi a jan littafin can."

Yana buɗe baki zai rama, kwamfutar ta yi ƙara, allon ya rabu gida-gida kamar tagogin bene. A sama ga alƙaliya, mace mai kamala da tabarau a karan hanci. A gefe ga lauyan ɗan kwangila, wani mai ƙoshi, ya cika tagarsa har ya yi saura. Aku ya miƙe ya rusuna, ya tuna da gajeren wando, ya koma ya zauna da sauri.

Aka rantsar da ni. Aku ya gyara murya, ya koma wani salihi kamar ba shi ba.

"Baba, ki gaya wa kotu abin da kika sani game da lungun nan."

Ni ce yau Baba. Na ƙyale shi, don gaban mutane ne.

Na ce ranki ya daɗe, ranar da na tare a gidan nan ta lungun aka shigo da gadona, don lokacin ƙofar gaba gona take kallo, titin ma ba a haife shi ba. Ta nan muke ɗebo ruwa kafin a ja famfo. Ta nan ungozoma ta bi ta karɓi haihuwar uban wannan mai hular tunkiyar. Ta nan aka fita da gawar maigidana, masu ɗauka suna bin juna a karkace saboda ƙunci. In bola ce, to a bola muka yi rayuwa, kuma ba wanda ya gaya mana.

Na ga alƙaliya na rubutu tana gyaɗa kai. Na ce a raina, an gama.

Sai mai ƙoshin nan ya matso da fuskarsa.

"Ya Mai Shari'a, ina da magana. Katin shaidar da aka aiko mana na wata dattijuwa ce tukuf. Ita kuwa wannan da ke gabanmu, a dube ta da kyau. Wannan ko arba'in ta cika, to da ƙyar."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," na ce. "Maimaita, sabis ya ɗan yanke."

Aku ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Matar da ba ta wuce arba'in ba," lauyan ya ci gaba, "yaushe ta ga lokacin da babu titi? Ko dai tsohuwar ta gaza, aka ɗauko 'yarta aka yafa mata mayafi, aka karanta mata abin da za ta faɗa? Ina roƙon kotu ta yi watsi da wannan shaida gaba ɗaya."

Alƙaliya ta ɗaga katina ta duba, ta dube ni, ta sauke tabarau ta sake dubawa.

"Lauyan masu ƙara, kana da wata shaidar bayan wannan?"

"Babu, ya Mai Shari'a."

"To in ban gamsu cewa mai katin nan ce ke magana ba, zan cire maganarta. In na cire, ban ga abin da ya rage a ƙararku ba."

Aku ya sunkuyo kusa da kunnena, gumi na bin hular gashi.

"Kin gani ko? Komai wayon amarya sai an sha manta. Bari in kashe."

"Kashe me? Mutum ya yi rantsuwar aiki ya ce arba'in, a gaban hukuma. Ka taɓa gaya min haka?"

"Shari'ar za mu rasa!"

"To rage kaɗan. Ka kai ni hamsin da 'yan kai."

"Ba ciniki ake ba, Kaka!"

"Ka bar min wuyan, ka mayar da goshin."

"Kotu na jin ku," in ji alƙaliya.

Aku ya janye bakinsa daga kunnena. Sai ɗigon bokiti.

Na dubi matar nan ta cikin allo. Kyakkyawa ce, ba laifi. Amma ba ta san Mai Kitso ba. Ba ita ta riƙe mata hannu ranar da bakinta ya karkace ba. Kuma na san a daidai wannan hantsin an jingina aminiyata da filo, an juya mata fuska wajen ƙofar da nake shigowa, don jikarta ta gaya min haka take sa a yi mata kullum, har yau ba ta daina ba.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni ce. Wannan yaron ne ya yi min guga. Aku, maido min da tsufana. Wahala na sha kafin in tara shi."

Ya kai hannu kan maɓalli. Garin sauri bai tsaya zaɓe ba, ya kashe komai da komai. Fuskata ta dawo, tamoji suka koma mazauninsu kowa ya san ɗakinsa. Kanta kuma ta yi ɓatan dabo. Ga bango mai ƙuraje, ga wando a ƙusa yana lilo, ga bokiti ya kusa cika.

Mai ƙoshi ya tuntsire da dariya har tagarsa na girgiza.

"Ya Mai Shari'a, a rubuta cewa ɗakin karatun abokin aikina ya rushe!"

Na ga kunnuwan jikana sun yi laushi. To, ni kaɗai ke da lasisin zagin Aku. Ban ba kowa aro ba.

"Ranki ya daɗe, in yi tambaya? Ni ban yi boko ba, amma ina da ido. Wannan mai dariyar, kantar da ke bayansa, ba ita ce ta bar nan yanzu ba? Ga tukunyar fulawar, ga jan littafin da ya karkace. Ko dai gudu ta yi ta koma wurinsa? In kuwa tare suka saya, a tambaye shi kafintan, ina son irinta, mai bin mutum duk inda ya je."

Mai ƙoshi ya haɗiye dariyarsa. Alƙaliya ta matso da fuska ta ƙura ido.

"Lauyan wanda ake ƙara, kai ma cire naka. Yau kowa zai zauna a inda yake."

"Ya Mai Shari'a, sabis ɗin nan..."

"Cire."

Ya cire. Ashe bawan Allah a cikin mota yake, a wurin wanki. Ga wani ƙato a bayansa ya shafe gilashi da kumfa yana ta dirza, yana rawa da kai, bai san yana gaban shari'a ba.

Alƙaliya ta sa takarda ta kare bakinta. Kafaɗunta dai na gani suna motsi. Da ta sauke, ta ce in matso da fuskata kusa da kyamara. Na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashi.

"Ki ƙirga da kyau, ranki ya daɗe. Wannan layin na goshi, uban yaron nan ne. Waɗannan na gefen baki, shi ne da kansa. Na wuyan kuma katangar ɗan kwangila ce, sababbi ne."

"Kotu ta gamsu," ta ce. "Da sauran tambaya?"

Mai ƙoshi ya ce babu, ruwa na zuba a kan motarsa kamar damina.

Ta yi rubutu mai ɗan tsawo, sannan ta karanta da Turanci, ta maimaita yadda zan ji. Kafin a yanke hukunci na ƙarshe za ta zo da ƙafarta ta ga wurin. Amma daga gobe a fasa katangar, a buɗe faɗin da mutum zai wuce da keken marasa lafiya, kuma kada a sake ɗora ko bulo ɗaya. Ta buga gudumarta, tagogin suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Aku ya cire hular gashi ya jefar kan tebur, ya zube a kujera yana fifita da fayil.

"Kin kusa kashe ni, tsohuwar nan."

"Au, na koma tsohuwa? Ɗazu kotu ta ce arba'in."

"Ba kotu ta faɗa ba, abokin gaba ne."

"Gaskiya ko daga bakin maƙiyi ta fito, sunanta gaskiya."

"Gaskiyar da ta kusa cinye mana shari'a? Da na biye miki da yanzu muna hamsin da 'yan kai, lungu kuma na mota."

"Da ka sayi littattafai tun ranar da na faɗa maka, da wa zai yi maka dariya? Kuma ka lura da alƙaliyar nan? Goshinta ko layi ɗaya babu. Mace mai wannan muƙami! Ita ma ta ja abin nan."

"Kaka, rufa min asiri!" Ya daka tsalle ya leƙa allon, ya tabbatar a kashe yake, har da zare waya daga bango. "So kike a kwace min rigar?"

"A kwace mana. Wandon ma ai ba ka sa ba."

Ya dube ni, na dube shi, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki, silifa ɗaya ta fice.

"Na sallama. Da tsohuwar zuma ake magani, yau na gani da idona. Tsaya, ina da tukwici."

Ya mayar da wayar, ya danne-danne, injin buga takardu ya yi tari ya turo wata takarda mai sheƙi. Ashe tun kafin a shiga ya ɗauki hoton matar nan santala, tana gyara kallabi a gaban littattafai.

"Ga shi, Amarya. Sadakin da ban biya ba."

Na karɓa na duba, na nisanta shi, na kusanto shi.

"Buga min biyu. Ɗaya zan kai wa Mai Kitso, in ce ga wadda ta je kotu a madadinmu. In dariya ba ta miƙar mata da baki ba, ba maganin da zai miƙar."

"Ɗayan fa?"

"Na bangon ɗakina ne. Gaskiya na ba kotu kasonta."

Ya riƙo min hannu har bakin mota, yana cewa gobe zai aika wa ɗan kwangila takardar umarni ta kwamfuta, cikin ƙiftawar ido ta isa. Na tsaya da ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje.

"Ka aika, ban hana ka ba. Amma gobe da hantsi ina son ganinka a bayan ɗakina, da dogon wando, da guduma a hannu. Katanga ba ta jin dannawa."